Yadda Za Ka Ziyarci Columbus-Belmont a Bakin Kogin Misisipi, Ka Gane Abin da Kake Kallo

Columbus-Belmont ƙaramin wurin shaƙatawa ne mallakar jihar Kentaki ta Amurka, can a ƙurewar yammacin jihar, kusa da ƙaramin garin Columbus, bisa wani dogon tudu da ya leƙa kogin Misisipi, inda aka kafa sansanin soja lokacin yaƙin basasar Amurka. Faɗinsa kimanin eka 160 ne kacal. Wanda ya je da ka, bai san komai ba, cikin minti 40 zai gama: ya ga ciyawa, ya ga igwa, ya ɗauki hoto a jikin wata ƙatuwar anga, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi, ya koma mota yana cewa ba wani abu. Wanda kuwa ya san inda zai sa ido, sai rana ta faɗi bai ƙoshi ba. Abin da ya raba su shi ne tsarin da aka bi. Ka fara da kogin, sannan ganuwar ƙasa, gidan tarihi ya zo daga baya. Duk abin da ya faru a wurin nan, kogin da tudun ne suka jawo shi.

Kafin ka tayar da mota

Kuskuren farko tun a waya ake yinsa. Garuruwa masu suna Columbus suna da yawa a Amurka, kuma taswirar waya takan fara miƙo maka babban birnin jihar Ohayo. Ka rubuta sunan wurin cikakke, ka tabbatar ka ga Kentaki a ƙarshensa. Akwai wani ruɗanin kuma: wurin yana cikin gundumar Hickman, amma garin da ake kira Hickman yana cikin wata gundumar daban, ta Fulton, can kudu. Hedikwatar gundumar Hickman ita ce Clinton.

Daga Paducah, birni mafi girma a yankin, tafiyar kusan awa 1 ce, kuma ƙarshenta ƙananan hanyoyin karkara ne masu layi 2, ana haɗuwa da motocin noma, da dare kuma barewa na tsallakawa. Mutanen garin Columbus ɗin ba su kai 200 ba, don haka kada ka dogara da shi wajen mai ko abinci. Ka cika tanki ka yi sayayya tun a hanya, ka kuma sauke taswirar yankin a wayarka, saboda sabis yakan yi rauni a ƙauyukan nan.

In daga Louisville ko Lexington ka taso, agogonka zai canza. Yammacin Kentaki yana bayan waɗannan biranen da awa 1. A zuwa riba ce, a dawowa kuma asara.

Shiga wuraren shaƙatawa na jihar Kentaki kyauta ne. Abin da ake biya shi ne gidan tarihi, kuɗi kaɗan, da wurin kwana ga mai son kafa tanti ko ajiye motar kwana. Gidan tarihin da shagon ƙwalama ba sa buɗewa duk shekara, a watannin sanyi sukan rufe ko su rage ranaku. Ka duba shafin intanet na hukumar wuraren shaƙatawa ta jihar, ko ka buga waya, kwana 1 ko 2 kafin tafiya. Wuraren kwana ba su kai 40 ba, kuma a wani ƙarshen mako na Oktoba da ake bikin tunawa da yaƙin basasa, inda mutane ke sa kayan sojan da suna kwaikwayon fafatawar, sai wanda ya kama wuri tun da wuri.

Game da lokaci: Afrilu da Mayu suna da daɗi, sai dai su ne watannin hadari mai ƙarfi da mahaukaciyar guguwa. Yankin ya san ta sosai, guguwar da ta ragargaza garin Mayfield ranar 10 ga Disamba 2021 ba nesa da nan ta bi ba. Yuli da Agusta zafi ne mai gumi, yakan haura digiri 90 a ma'aunin da ake amfani da shi can, wato wajen 32 a ma'aunin Salshiyos. Ga mai son tarihi, daga ƙarshen Oktoba zuwa Maris ya fi, don ganye ya zube, ramuka da ganuwa sun fito fili, kaska ma ta yi sauƙi. Abin da za ka iya rasawa a lokacin shi ne gidan tarihi a buɗe.

Ka tsaya a bakin tudu tukuna

Da ka ajiye mota, ka wuce kai tsaye wurin da ake hangen kogi. Ka ba shi minti 15 aƙalla, kada ka yi gaggawa.

Hannunka na dama arewa ne. Kimanin mil 20 ta can garin Cairo yake, a jihar Ilinoi, inda kogin Ohayo ke zubawa cikin Misisipi. Ruwan da ke wucewa a gabanka ke nan na koguna 2 ne a haɗe. Tsallaken da kake hange, shimfiɗaɗɗen fili mai bishiyoyi da gonaki, jihar Misuri ce, kuma nan ne Belmont. Ka lura da bambancin gaɓoɓin: taka tana sama da ruwa fiye da ƙafa 100, waccan kuwa kusan daidai take da ruwan. Daga Cairo in ana gangarowa, wannan na cikin tuddai na farko da mutum zai iya kafa igwa ya hana jirgi wucewa. In ka gane wannan, ka gane dalilin da ya sa aka yi ta kokawa a kan ƙauyen da yau ko gidan mai na kirki ba lallai ka samu ba.

In ka yi sa'a za ka ga jirgin turi yana tura jerin jiragen dako da aka ɗaure wuri guda, ɗauke da hatsi ko gawayin kwal ko taki. Ka kalli yadda mai hawowa ke jan ciki a hankali, mai gangarowa kuma yake wucewa da sauri. Ƙarfin ruwan ke nan, kuma za ka buƙaci tuna shi idan ka isa wurin sarƙa.

Ga wani abu da ke ba baƙi da yawa haushi: sunan wurin ya haɗa da Belmont, amma filin dagar Belmont ba ya cikinsa. Yana tsallake, kuma babu gada a Columbus. Mai son zuwa can sai ya yi arewa ta Wickliffe ya bi gadojin Cairo, ko ya yi kudu ya hau jirgin fito na Hickman zuwa Dorena, wanda yakan tsaya da aiki idan ruwa ya yi ƙasa sosai ko ya cika, ko injin ya samu matsala. In ma ka je, gonaki za ka tarar, kogin ya daɗe da sauya gaɓar. Daga saman tudun nan aka fi ganin filin.

Abin da ya faru a 1861

Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a Afrilun 1861, Kentaki ta ce ita 'yar ba-ruwanmu ce. Jiha ce da ake bauta a cikinta, amma ba ta ɓalle daga Tarayya ba. Kowane ɓangare yana lallaɓa ta, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara taka mata ƙasa. Wanda ya fara shi ne Janar Leonidas Polk na 'yan awaren Kudu, mutumin da kafin yaƙi bishop ne na cocin Episcopal a Luwiziyana. A farkon Satumban 1861 sojojinsa suka mamaye Columbus. Ta fuskar soja ya samu tudu mai kyau. Ta fuskar siyasa kuwa ya tafka asara, don Janar Ulysses S. Grant na ɓangaren Tarayya ya samu hujja ya kama Paducah ranar 6 ga Satumba, majalisar jihar kuma ta karkata ga Tarayya.

Polk ya mayar da tudun sansani mai ƙarfi: igwa wajen 140, sojoji dubbai, ramuka da ganuwa, har ana yi wa wurin kirari da Jibraltar ta Yamma, wato ana kwatanta shi da shahararren dutsen tsaron nan da ke gadin mashigar tekun Bahar Rum. Ga kuma layin dogo na Mobile and Ohio wanda a Columbus ya tuƙe ta arewa, yana kawo masa mutane da kaya daga Kudu.

Ranar 7 ga Nuwamba 1861 Grant ya gangaro daga Cairo da mutum kimanin 3,000 a jiragen ruwa, da rakiyar jiragen yaƙi 2, Tyler da Lexington. Bai tunkari tudun ba. Ya sauka ta gefen Misuri, sama da Belmont, inda igwa ba ta kaiwa, ya auka wa ƙaramin sansanin 'yan Kudu da ke can, ya ci shi. Daga nan sabbin sojojinsa suka shagala da kwasar ganima da murna. Grant ya sa aka cinna wa sansanin wuta, igwogin da ke daidai inda kake tsaye suka buɗe musu wuta, Polk kuma ya tsallako da ƙarin sojoji suka tare musu hanya. Da ƙyar suka kutsa suka koma jiragensu, Grant na cikin na ƙarshe da suka hau. Kowane ɓangare ya rasa mutum wajen 600, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda aka kama, kowanne kuma ya ce shi ya yi nasara. Wannan ne gumurzun farko da Grant ya jagoranta a yaƙin.

Yanzu ka sake kallon tsallaken, ka auna nisan da ido. Za ka ga dalilin da ya sa ba wanda zai iya riƙe Belmont muddin wani ne ke kan tudun.

Sarƙa, anga da igwa

Abin da kowa ke zuwa gani shi ne angar da guntun sarƙar da ke jikinta. Polk ya sa an miƙa sarƙar ƙarfe daga wannan gaɓa zuwa waccan, kusan mil 1, aka ɗora ta kan abubuwan da ke yawo a bisa ruwa don kada ta nitse, aka binne anga a jikin tudu ta riƙe ta. Dabarar ita ce jirgin Tarayya ya zo ya maƙale, igwa ta gama da shi. Kowane zobe na sarƙar tsawonsa inci 11, nauyinsa ya ɗan haura fam 20, wato fiye da kilo 9. Angar kuwa ana ƙiyasta ta tsakanin tan 4 zuwa 6.

Sarƙar ba ta yi aikin da aka yi ta dominsa ba, tsinkewa ta yi. Ka haɗa nauyinta da ƙarfin ruwan da ka gani ɗazu, da itatuwan da Misisipi ke kwasowa suna taruwa a jikin duk abin da ya tare musu hanya, ba sai an yi maka dogon bayani ba. Abin da ya saura ya kwanta a ƙasa shekara da shekaru, sai a 1925 zaizayar tudu ta tono shi.

Cikin manyan igwogin sansanin akwai wadda aka raɗa wa Lady Polk, don girmama matar janar ɗin. An harba ta ranar yaƙin Belmont, aka bar harsashi a cikinta tana da zafi. Da ƙarfen ya huce sai ya matse harsashin. Bayan 'yan kwanaki aka zo harba ta a gaban Polk, ta tarwatse, ta kashe mutane da dama, shi ma ya ji jiki. Idan kana duba igwogin da ke wurin, ka karanta allon kowacce, don ba dukkansu ne na asalin sansanin ba.

Tafiya cikin ganuwa

Akwai hanyar ƙafa ta kimanin mil 2.5 da ta ratsa ramuka da ganuwar sansanin. A tafiyar mai tsayawa yana karanta alluna, ka ware awa 1 da rabi. Takalmi rufaffe mai kama ƙasa ake so, saboda ƙasar tudun laushi gare ta kamar gari, in ruwa ya taɓa ta sai santsi.

Ga yadda ake karanta ganuwa. Rami yana waje, tudun ƙasar da aka haƙo daga ramin yana ciki, masu tsaro na bayan tudun. Saboda haka duk inda ka ga rami da tudu a jere, ɓangaren ramin ne aka sa ran abokin gaba zai ɓullo. Za ka lura da yawa daga cikinsu ba kogi suke kallo ba, gabas da tudu suke fuskanta, domin Polk ya san ta baya ma za a iya zuwa masa. Inda ganuwa ta yi kwana ta fito waje, an yi haka ne don masu harbi su iya share gaban layin da ke kusa da su. Ka kuma cire bishiyoyin nan daga zuciyarka. A 1861 an sare dajin don a ga mai zuwa tun daga nesa.

Kada ka hau kan ganuwar, kada ka bar yara su yi sulu a jikinta. Ƙasa ce zalla, saiwar ciyawa ce ke riƙe da ita fiye da shekara 160. Da ƙafa ta kashe ciyawar, ruwan sama zai buɗe kwazazzabo.

Abin mamaki, duk wannan aiki ba a taɓa gwada shi da hari na gaba da gaba ba. A Fabrairun 1862 Grant ya bi ta kogunan Tenesi da Cumberland ya ci sansanonin Henry da Donelson, Columbus ta zama an zagaye ta ta baya. A farkon Maris 'yan Kudu suka kwashe igwoginsu suka fice, sojojin Tarayya suka shigo ba tare da faɗa ba.

Abin da bai kamata igwa ta rufe maka ba

Yawancin baƙi a kan yaƙi suke tsayawa, alhali tarihin wurin ya fi haka faɗi, kuma a ganina wannan ɓangaren ne ya fi cancantar a nema.

Ƙasar nan ta 'yan ƙabilar Chickasaw ce har zuwa 1818, lokacin da aka karɓe ta da yarjejeniyar da Andrew Jackson da Isaac Shelby, wakilan gwamnatin Amurka, suka ƙulla da su. Bayan shekara 20, a Nuwamban 1838, wani ayarin 'yan Cherokee fiye da 1,000 ƙarƙashin John Benge, cikin waɗanda gwamnati ta tasa daga ƙasarsu zuwa yamma, a nan Columbus suka tsallake Misisipi da jirgin fito. Shi ya sa wurin ke cikin jerin tashoshin da aka amince da su na wannan hanyar ƙaura ta tilas da ake kira Tafarkin Hawaye.

Bayan Tarayya ta karɓi garin a 1862, bayi masu gudu daga gonakin Kentaki da Tenesi da Misuri suka yi ta kwararowa Columbus neman mafaka. Da yawa sun yi aikin dako a tashar jirgin ruwa da ta ƙasa, wasu kuma suka shiga soja, har ya zama rundunar baƙaƙen fata masu harba manyan igwa na cikin masu gadin tudun. Ka tambayi ma'aikatan gidan tarihi a kan wannan kai tsaye. Shi kansa gidan tsohon gida ne da aka yi amfani da shi a matsayin asibiti lokacin yaƙin, kuma minti 30 zuwa 45 sun isa a zaga shi.

Garin Columbus da ka ratso ma ba a nan yake da ba. A da yana ƙasa ne a bakin ruwa. Babbar ambaliyar Misisipi ta 1927 ta cinye gaɓar, ƙungiyar Red Cross ta taimaka aka ɗauko garin aka hau da shi tudu. A cikin wannan aikin ne aka farga da ganuwar da ke kwance cikin daji, aka fara neman a adana ta. A shekarun 1930 matasan shirin samar da aikin yi na gwamnatin Shugaba Roosevelt, wanda aka fi sani da CCC, suka gyara wurin ya zama abin da ake ziyarta yau.

Abubuwan da ke ɓata ziyara

Bakin tudu shi ne haɗari na farko. Irin ƙasar nan takan tsaya a miƙe kamar bango, ruwa na cin ta ta ƙasa, sai rana ɗaya ta rufta gaba ɗaya. Inda kake gani ciyawa lafiya lau, wataƙila ƙarƙashinsa fanko ne. Kada ka tsallake shinge don hoto, musamman bayan ruwan sama.

Kogin ba na wanka ba ne. Samansa yakan yi lumui, ƙasansa na juyawa, ga igiyar ruwan da jiragen dako ke tayarwa. Mai son kamun kifi a Kentaki, in ya kai shekara 16, sai da lasisin jiha, kuma ana sayensa ta intanet.

Kaska tana da yawa daga Afrilu zuwa Satumba, kuma tana ɗauke da cututtuka. Ka sa dogon wando ka cusa ƙafarsa cikin safa, kaya masu haske sun fi don a gan ta. Maganin shafawa mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ya wadatar a fata. Maganin ƙwari na permethrin kuwa a tufafi ake fesa shi a bari ya bushe, ba a jiki ba. Da ka koma masauki ka yi wanka ka duba bayan gwiwa, ƙugu, hammata da cikin gashi. In ka samu ta kama, ka sa hantsaki ka riƙe ta dab da fata ka ja a miƙe a hankali. Kada ka ƙona ta ko ka shafa mata mai, hakan na iya sa ta ƙara zuba yawu cikin jiki. Zazzaɓi ko ƙuraje cikin makonnin da suka biyo baya, ka ga likita ka gaya masa kaska ta cije ka.

Akwai kuma wani tsiro mai sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, ganyensa 3 a kan kowane reshe, yakan yaɗu a ƙasa ko ya naɗe bishiya. Man da ke jikinsa ne ke yin ɓarnar, kuma yana maƙalewa a takalmi da tufafi da gashin kare. In ka taɓa, ka wanke da sabulu da ruwa nan take. Ƙurajen ba sa fitowa sai bayan awa 12 zuwa kwana 2 ko 3, shi ya sa mutane da yawa ba sa gane inda suka samo su. Tsayawa kan hanyar da aka share yana raba ka da shi, da kaska, da maciji gaba ɗaya.

A lokacin zafi ka riƙe ruwa lita 1 ga kowane mutum don tafiyar ganuwa kaɗai, ka yi ta kafin ƙarfe 10 na safe. In ka ji tsawa, ka bar bakin tudu da ƙarƙashin bishiya ka shiga mota ko gini. Gargaɗin guguwa kuwa gini mai ƙarfi yake buƙata, tanti da motar kwana ba mafaka ba ne, don haka mai kwana ya tambayi inda ake fakewa tun lokacin da ya iso. Lambar gaggawa 911 ce.

Dokar da baƙi suka fi takawa cikin rashin sani ita ce ta kayan tarihi. Ba a haƙa, ba a yawo da na'urar neman ƙarfe, ba a ɗaukar harsashi ko maɓalli ko guntun tukunya a sa a aljihu. In ka ga wani abu ruwa ya tono, ka bar shi inda yake, ka ɗauki hotonsa, ka nuna wa ma'aikaci. In ya yi kama da ƙwallon igwa, ko taɓawa kada ka yi, don wasu na zamanin har yau da albarushi a cikinsu. Mai kwana kuma kada ya taho da itacen wuta daga wata jiha, ƙwarin da ke kashe bishiyoyi ta haka suke yaɗuwa. A saya a kusa, a ƙone a nan.

In rana ta rage maka, Wickliffe Mounds na kan hanyar komawa ta arewa, tafiyar kusan rabin awa. Tuddan ƙasa ne na wani gari da 'yan asalin yankin suka zauna tsakanin wajen shekarar 1100 zuwa 1350, shi ma bisa tudu mai kallon Misisipi. Shi ma yana rufewa a watannin sanyi, sai ka haɗa shi cikin wayar da za ka buga kafin tafiya.